Ƙanƙara a Tsakiyar Bazara

Rano, 13 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman baƙunta? Barka da Sallah, duk da na san a wannan sansanin naku na tsakiyar rairayi Sallah ba ta wuce shinkafa da cinyar kaza a roba. Kamar kullum, na rubuta a takarda zan ɗauki hotonta in tura, sai ranar da ka shiga gari ka samu sabis ka gani.

Mu nan lafiya, sai dai mahaifiyarka. Gwaggo Kulu ta nace ta kai azumi, yanzu ga shi ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta huta. Sandar kiwon marigayi Baffa, mahaifinka, take dogarawa. Likita ya ce zuciya ce da hawan jini, ya ƙara magani, ya ce a kiyaye mata abu biyu, gishiri da zafi. Gishiri dai na ɓoye shi. Zafin Rano kuwa a wannan watan ban san inda zan kai shi ba.

Shi ya sa na ɗauki biro. Na'urar sanyin nan da ka haɗa wa gidan gaba ɗaya ta juya mana baya. Tun farkon azumi iska take raguwa a ɗakin da muke kwana ni da Gwaggo, yanzu kuwa babu ko kaɗan. Injin yana ta gurnani, sola tana kawo wuta, amma shiru. Da na zagaya baya sai na ga bututun jan ƙarfen nan ya yi farin ƙanƙara tun daga bango har jikin injin, ga rana tana neman fasa kan mutum. Salamatu maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce in ɓanɓaro mata ta jefa a zoɓo. Ruwa kuma yana ɗiga daga silin ɗin baranda, na ajiye roba.

Na kira Jabiru mai gyaran firji na bakin kasuwa. Ya zagaya, ya sosa kai, ya ce gas ne ya ƙare. Ya zaro sukundireba zai fara sarar ƙanƙarar, na ce ya dakata sai na ji daga mai abu. Ya ce a duba sauran ɗakuna, to ka san makullan suna bakin zanin Gwaggo. Na ƙaninka Amiru tun da ya rasu bara ba ta bari a shiga, na ƙanwarka Lubabatu tun da aka kai ta gidan miji, naka kuwa ita kaɗai take shiga ta share.

Na tambaye ta me za a yi, ta ce a kashe, a bar ta ta huta sai mai ita ya zo. Kawu Ƙasimu kuma ya zo gaisuwar Sallah ya tarar da yayarsa tana haki. Ya ce gidan siminti ba na'ura tanda ne, gara ya mayar da ita ƙauye can Kahu, ɗakin ƙasa ya fi sanyi. Gaskiyarsa ce ta wani wajen. Amma ka san nisan Kahu da asibiti, ka san hanyar. Tsoro nake ji, Yaya. Ka gaya mini abin da zan taɓa da abin da ba zan taɓa ba.

Taubashiyarka,
Saudat


Sansanin aiki, Saudiyya, 20 ga Afrilu

Saudat,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai yau na ga takardarki, mako guda cur tana jirana. Ya jikin Gwaggo? Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki.

Kin kyauta da kika hana Jabiru. Da ya huda bututun nan da an shiga wata sabuwa. Kada kowa ya sari ƙanƙarar, kada a zuba mata ruwan zafi, kada a ƙara gas. Ki je wajen ɗan allon nan mai lamba da ke bangon falo, ki kashe sanyi ki bar fanka kaɗai tana juyawa. Ki bar ta haka wuni guda, ƙanƙarar za ta narke da kanta, ki ƙara robobi a baranda. Sannan ki zare matatar iskar da na nuna miki, wadda take bayan babbar ragar baranda. Ki ɗaga ta wajen haske. In ba kya hango haske ta cikinta, to ita ce. Ki wanke da ruwa da sabulu, ta bushe sarai kafin ki mayar.

Abin da yake faruwa shi ne, na'urar tana jan iskar gida mai ɗumi ta bi da ita ta kan bututu masu sanyi, ta mayar da ita ɗakuna. In iskar ba ta wucewa, sanyin sai ya taru wuri ɗaya ya daskare. Da hannuna na haɗa ta, na san ta. Ba ta yin haka sai an yi sakaci da ita.

Kada ki bari a kai Gwaggo Kahu. Sun yi mini alkawarin hutu da babbar Sallah, saura wata biyu. Ina so in same ta a gidan nan.

Maganar a kashe a bar ta ta huta kuwa ba ta ba ni mamaki ba, amma ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ke kin san yadda muke. Ni ne ɗan fari, ana yaye ni aka miƙa ni wajen kakata a Nariya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "na Nariya" take ce mini, ni ma na tashi ina ce mata Gwaggo kamar yadda kuke faɗa. Na san kunya ce, na san haka iyayenta suka yi mata. Amma shekarata talatin da shida. Shekara tara ina sanyaya ɗakunan mutanen da ban sani ba don in gina mata inda ba za ta yi gumi ba. Ranar da ta tare, ta ɗaga kai ta kalli silin, ta juya ta ce wa Lubabatu a shimfiɗa mata tabarma. Shi ke nan abin da na samu. In na kira waya, ke take miƙa wa. Wani lokaci ina ganin da Amiru ne ya gina gidan da tuni ta sa masa albarka a gaban jama'a.

Ki yi abin da na ce, ki rubuto.

Ubaidullahi


Rano, 24 ga Afrilu

Yaya Ubaidullahi,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Jikin Gwaggo da sauƙi za a ce, don haka ake cewa.

Na ga takardarka, na ga kalmar sakaci. Na gode. Ni da na bar ɗakina a gidanmu na dawo nan shekara uku, nake tashi daga makaranta in zarce kasuwa in dawo in dafa abinci iri biyu, ni ce mai sakaci. Matatar taka duk farkon wata nake wanke ta tun ranar da ka nuna mini. Na zare ta na ɗaga, har fuskar Salamatu nake hangowa ta ciki. Na dai sake wankewa don kar a ce.

Sauran duk na yi. Na bar fanka wuni da kwana, ruwa ya cika roba uku, bututu ya dawo ja kamar sabo. Na kunna sanyi da hantsi. Injin ya tashi da ƙarfinsa, amma a ɗakinmu sai na hau kujera na kara hannu a jikin ragar kafin na ji ɗan sanyi yana tsatsowa ta gefe. Falo ma haka. Kafin la'asar ƙanƙara ta dawo, ta ma fi ta da. Na kashe.

Yanzu a tsakar gida take wuni, ƙarƙashin darbejiya, ina jiƙa zani ina lulluɓa mata a ƙafa. Jiya numfashin ya sarƙe mata har sai da muka koma asibiti.

Na karanta mata takardarka, na tsallake abin da ya kamata a tsallake. Ta juya fuska bango kamar yadda ta saba in an ambace ka. Da na zo wajen babbar Sallah sai ta ce, "Can ɗin, zafinsu ya fi namu?" Na ce ai Gwaggo nasu ba a magana, ƙwai yana dahuwa a kan mota.

Kai kana can kana auna ta da abin da ta faɗa. Ni da nake kwana da ita na san wanda take fara ambata a addu'a ba tare da suna ba. Maganar Amiru da ka yi ba ta dace ba, ka nemi gafarar Allah.

Kawu ya ce ranar Juma'a zai zo da mota. Ba ni da bakin hana shi yayarsa alhali ga halin da take ciki. In kana da wata dabara ka yi sauri.

Saudat


Kahu, 4 ga Mayu

Yaya Ubaidullahi,

Salamu alaikum. Shiru, ban ji ka ba. Ko fushi ne, ko sabis ne, Allah ya sa dai lafiya. In maganata ce ta yi zafi ka yi haƙuri, a gajiye na rubuta.

Muna Kahu yau kwana tara. Na jira har azahar ɗin Juma'ar ina duba waya, sannan na haɗa kaya. Kafin mu fito Gwaggo ta ce a jira ta. Ta dogara sanda ta buɗe ɗakinka ta shiga, ta daɗe har Kawu ya fara danna ham. Da ta fito ta kulle, ta kwance makullan duka daga bakin zaninta ta ba ni. Ban taɓa ganin ta rabu da su ba, kuma raina bai so hakan ba.

Tana tsohon ɗakinta. Akwai sanyi kam, ba laifi, 'yan'uwa suna ta kawo nono da fura, ba ta iya shan fiye da ludayi biyu. Kumburin ya hau har gwiwa. Na ɗauki hutu a makaranta. Sabis sai na taka zuwa bakin titi nake samu, shi ya sa wannan ma ban san ranar da za ta tafi ba.

Hankalinta yana nan, sai dai takan yi wata magana da ban gane kanta ba. Shekaranjiya aka zaunar da ita a ƙofar ɗaki tana hango lambun da ta yi shekara da shekaru tana noman albasa a ciki. Matar Kawu tana ban ruwa, tana datse wannan hanya da ƙasa tana buɗe waccan. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sai ta ce mini, "Saude, sanyi yana taruwa kuwa, in an tare masa sauran hanyoyi?" Na ce ban sani ba Gwaggo. Ta ce, "Ruwa dai yana taruwa." Na ɗauka zazzaɓi ne, na ba ta magani.

Ta tambaye ni saura kwana nawa layya. Na ce arba'in da 'yan kai. Ta ce da yawa.

Yaya, in akwai yadda za ka roƙi mutanen nan su sake ka kafin lokacin, ka roƙe su. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Saudat


Sansanin aiki, 8 ga Mayu

Saudat,

Salamu alaikum. Yau na ga takardunki biyu a tare. Ba fushi ba ne, an tura mu wani sansani ne can ciki, kwana goma sha takwas babu ko layi ɗaya. Ya jikin Gwaggo?

Ki yafe mini. Ba ke na nufa da sakaci ba, amma ko wa na nufa bai kamata in rubuta ba. Abin da kike yi mata ni ya kamata in yi, ban yi ba.

Na gane ciwon na'urar daga abin da kika ce, cewa sai kin kara hannu kike jin iska ta gefe. In matata fes take, injin kuma da ƙarfinsa, to kafofin iskar ne a rufe. Guda bakwai ne, falo, baranda, da ɗakuna biyar. Kowace raga tana da ɗan hannu a gefe, in aka tura shi sama sai ta rufe daga ciki, daga ƙasa ba za ki gane ba. Wataƙila masu fenti ne ko wani mai shara. Tunda makullai suna hannunki, ki samu rana ki je Rano ki ja su ƙasa duka, har na ɗakunan da ba kowa. Dole iska ta zaga gidan gaba ɗaya ta dawo, in ba haka ba daskarewa za ta yi ta yi. Kina buɗewa ki kunna, in ta kai magariba ba ƙanƙara, ki dawo da Gwaggo kusa da asibiti ko Kawu ya so ko bai so ba.

Na shigar da takardar neman tafiya, sun ce sai an samu wanda zai riƙe mini aiki.

Ki gaya mata na Nariya yana gaishe ta. Ki ce ta yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba. Wannan kada ki tsallake shi.

Ubaidullahi


Rano, 14 ga Mayu

Yaya Ubaidullahi,

Salamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Kawu ya samu ofishinku a waya sun gaya maka. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta.

Ranar Alhamis ne da hantsi. Ta sha ruwa, ta ce a gyara mata matashi, ta yi shahada da bakinta. Ba ta wahala ba. An binne ta kusa da Baffa, jama'a ta taru har daga Durba da Nariya.

Takardarka ta shigo ranar Laraba, ban gan ta ba sai Lahadi da na fita bakin titi. Saƙonka bai riske ta ba. Na so in yi maka ƙarya in ce na gaya mata, na kasa.

Jiya na dawo Rano. Babu sauran dalilin gyaran na'ura, amma na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ɗauki kujera na bi kafofin kamar yadda ka ce. Ta falo a rufe. Ta baranda a rufe. Na buɗe ɗakin Amiru, a rufe, na Lubabatu da na baƙi haka. Na shiga namu na hau, ita ma a rufe take ruf, watau tun farkon azumi muna kwana a ƙarƙashinta muna gumi. A gefen kowace raga fentin ya kwarzane, irin na abin da aka yi ta zungura daga ƙasa ana kuskurewa. Ba masu fenti ba ne, Yaya. Bakin sandar Baffa har yanzu da farin fenti a jiki.

Na buɗe ɗakinka daga ƙarshe. Taka ce kaɗai a buɗe. An shimfiɗa sabon zanin gado, ga sallaya a ninke, ga buta. Ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, ko allura ba za ta wuce ba.

Nan na zauna a ƙasa na tuna maganar lambu. Yadda take datse hanyoyin ruwa don ya cika fangali ɗaya, haka ta yi wa sanyin. Ina jin ta Amiru ta fara rufewa, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya. Tata kuwa na tuna lokacin, farkon azumi ne, makon da na gaya mata ka ce bana za ka zo. Tana tara maka sanyi ne kafin ka iso daga ƙasar zafi. Ba ta san haka zai kashe na'urar ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambayi yadda abinka yake aiki ba. Ni kuma ina ɗakin, ina jiƙa mata zani, ban taɓa ɗaga kai na duba da kyau ba. Wannan zai daɗe yana cina.

Na ja hannayen ƙasa duka shida, na kunna. Gaskiyarka ne. Har magariba babu ƙanƙara, yau ma babu. Gidan ya yi sanyi ko'ina, har ɗakinta. Ni kaɗai ce a ciki, sai da na ɗauko mayafi.

Ka gaya mini yadda zan yi da gidan da makullan.

Saudat


Sansanin aiki, 19 ga Mayu

Saudat,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Na karanta sau uku, ban iya fita aiki ba yau.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni na haɗa abin, na nuna miki matata, na nuna wa Amiru injin, ita kuwa ban tsaya na nuna mata komai ba, don ina jira ta fara yi mini magana.

Sun ba ni ranar uku ga wata mai zuwa. Zan fara sauka Kahu wajen kabarinta.

Makullan ki riƙe. Na'urar ki kashe ta gaba ɗaya. Sannan ina roƙonki abu guda, ko da za ki ga kamar ba hankali. Ki hau kujera ki mayar da shidan nan yadda ta bar su, ki mayar da tsumman ƙarƙashin ƙofa, ki jingine sandar a ɗakina ki kulle. Kada ki gyara komai. Shekara talatin da shida ina jira mahaifiyata ta ce mini wani abu, ina so in zo in gani da idona.

Ubaidullahi, na Nariya